Tudun Jago na Elmina: Ɗan Hakin da Turawan Fotugal Suka Raina

A gaɓar Tekun Atilantika, kimanin kilomita 150 yamma da Akra, babban birnin Gana wanda fatakenmu na da ke kira Ankara, akwai wani tsohon garin masunta mai suna Elmina. Mutanen garin, waɗanda ke magana da harshen Fante, suna kiransa Edina. Duniya ta san garin ne saboda katafaren sansanin nan fari fat da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren tara bayi kafin a yi jigilarsu zuwa nahiyar Amurka. Kullum motoci na sauke baƙi a ƙofarsa, su shiga su ga ɗakunan duhu da ƙofar nan ta tafiya ba dawowa, su fito idanunsu sun yi ja, su koma mota. Ƙalilan ne daga cikinsu ke ƙetare gada su hau ɗan tudun da ke fuskantar sansanin, alhali kuwa a kan wannan tudu aka yanke hukuncin wanda zai mallaki sansanin har tsawon shekara 235.

Sunansa Tudun Jago. Asalin sunan daga wata 'yar majami'a ce da Turawan Fotugal suka gina a samansa a farkon ƙarni na 16, suka sa mata sunan waliyyinsu Santiyago, bakin mutane ya gutsure shi ya koma Jago. Tsayinsa daga doron teku bai wuce mita talatin da 'yan kai ba. Wanda ya taso a gindin Dala ko Kufena ko Kwatarkwashi murmushi zai yi idan aka nuna masa shi aka ce tsauni ne. Wani taro na jami'a ne ya kai ni Kef Kost, kimanin kilomita 12 gabas da Elmina, na ware yini guda na zo. Da safe na zagaya babban sansanin kamar kowa, da la'asar kuma na nufi tudun.

Hanyar tana farawa ne daga gadar da ta ƙetare bakin Benya, wani tafkin ruwan gishiri da ke haɗe da teku, wanda shi ne tashar masuntan garin. Ranar Talata ce, kuma bisa tsohuwar al'adar wannan gaɓa masunta ba sa fita teku ran Talata. Saboda haka tafkin ya cika maƙil da manyan kwale-kwale na katako, kowanne da fenti iri-iri da tutoci da rubutu a jikinsa, sun jeru kafaɗa da kafaɗa har ruwan ma da ƙyar ake ganinsa. Maza na zaune a inuwa suna ɗinkin taru, mata na juya kifi a kan murhun banda. Warin ɗanyen kifi da hayaƙi da gishiri ya gauraya da iska, ya kama tufafi. Ga mutumin Arewa, zafin wurin ma baƙo ne: namu busasshe ne mai ƙona fata, nasu kuwa jiƙaƙƙe ne, kafin ka yi taku ɗari riga ta manne a baya.

Daga bakin titi sai hanyar ta miƙe sama a tsaye, babu wani kewaye-kewaye. Gidajen mutane ne hagu da dama, wasu na bulo, wasu tsofaffin gine-ginen dutse da rufin kwanon da iskar teku ta cinye da tsatsa. Awaki na kwance a tsakiyar hanya ba su da niyyar tashi. Yara na wasan ƙwallo a kan gangare, duk wanda ya buga da ƙarfi shi zai bi ta har ƙasa. Wata dattijuwa ta wuce ni da bahon ruwa a ka, tana hawa ba ta ko haki, ta gaishe ni da harshensu na amsa da ka. Abin da ya fi jan hankalina a hawan shi ne yadda hayaniyar kasuwar kifi ke raguwa da kowane taku, ƙarar igiyar ruwa kuma tana ƙaruwa, har ta zama ita kaɗai ake ji. A tsakiyar hanya na tsaya na waiga. Hasumiyar babban sansanin, wadda ɗazu sai na ɗaga kai nake ganin ƙarshenta, ta dawo daidai da idona. Da na ƙara gaba kaɗan, sai ta koma ƙasa da ni. Duka-duka hawan bai ci minti goma sha biyar ba.

A saman tudun akwai wani ƙaramin sansani, shi ma fari, mai hasumiya ɗaya da katanga mai kauri da 'yar gada a bakin ƙofa. Wasu tsofaffin igwogi na kwance a kan katangar, tsatsa ta gama da su. A zamanin Ingilishi da bayansa an mayar da ginin gidan yari, an mayar da shi asibiti, an kuma mayar da shi masaukin baƙi. Yau shiru ne a cikinsa, sai mai gadi da iska. Na tsaya a bayan ɗaya daga cikin igwogin na bi bakinta da kallo. Kai tsaye take duban babban sansanin. Ana ganin rufinsa da saman katangunsa da duk inda mai tsaro zai tsaya, kamar yadda mai tsaye a kan soro ke ganin tsakar gidan maƙwabcinsa. Ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba, gani ya kori ji: duk wanda ya riƙe wannan tudu, sansanin da ke ƙasa nasa ne.

Turawan Fotugal sun yi shekara 155 a Elmina ba su ɗauki wannan da muhimmanci ba. Sun iso gaɓar a 1471, suka tarar da zinariya, shekara goma sha ɗaya bayan haka Diyogo da Azambuja ya zo da magina da duwatsu a jirage, ya nemi izini wurin sarkin wurin, Kwamena Ansa, ya gina sansanin.  Turawan Holan sun gwada ƙwace wurin a 1596 ba su yi nasara ba. Sun sake dawowa a 1625 da runduna mai yawa, mayaƙan Elmina masu goyon bayan Fotugal suka afka masu suna hutawa, suka kashe ɗaruruwa. A watan Agusta na 1637 sai suka zo da wata dabara. Jirage 9 ɗauke da sojoji kimanin 800 suka taso daga Barazil, suka sami taimakon wasu garuruwan gaɓar da ke adawa da Elmina, suka kori waɗanda ke gadin tudun, suka jawo igwogi sama, suka shiga ruwan wuta a kan sansanin. Cikin 'yan kwanaki Fotugal ta miƙa wuya. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

Tasowar rundunar daga Barazil tana da dalili. A 1630 kamfanin cinikin Holan ya ƙwace yankin Farnambuko mai gonakin rake, kuma gonakin rake ba sa tafiya sai da bayi. Wato igwar da aka jawo kan wannan ɗan tudu, sukari ne ya biya kuɗinta. Da Turawan Holan suka shiga sansanin, abu na farko da suka yi shi ne toshe ƙofar da suka shigo ta cikinta. Suka yi wa saman tudun shinge na ƙasa, a shekarun 1660 kuma suka gina wannan sansani na dutse suka sa masa suna Kunradsbag. Babu rumbun kaya a cikinsa, babu ɗakin ciniki, sojoji ne kawai da makamai. Dabarar ta yi masu rana, domin babu wanda ya sake ƙwace Elmina da ƙarfi. Sai a 1872 suka miƙa ta ga Ingila da hannunsu bisa yarjejeniya.

Daga kan katangar akwai wani abu da mai zagaya sansanin daga ƙasa ba ya lura da shi. Yamma da babban sansanin akwai wani dogon fili tsakanin teku da tafki, wanda bai yi kama da sauran garin da gidaje suka cunkushe ba. Nan ne tsohon garin Elmina yake, garin dubban mutane mai gidajen dutse. Mutanensa ƙawayen Asante ne, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, kuma da Holan ta miƙa wurin ga Ingila ba tare da shawararsu ba, da yawansu suka ƙi amincewa. Ingilishi suka kama sarkinsu Kobina Gyan suka kai shi Saliyo, a ranar 13 ga Yuni 1873 kuma suka yi wa garin luguden wuta suka ƙone shi ƙurmus. Ba a sake gina shi a wurin ba. A cikin wannan sansani da ke ƙasa ne kuma aka tsare Sarkin Asante Firempe na Ɗaya a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can zuwa tsibiran Seshel.

Duk wannan labarin gefen teku ne, kuma shi ake ba kowane baƙo. Amfanin tudun shi ne yana ba mutum damar juya wa teku baya. Idan ka fuskanci arewa, za ka ga tafkin Benya ya miƙe cikin ƙasa, da filayen da ake shanya ruwa a kwashi gishiri, da bishiyoyin kwakwa, da wasu ƙananan tuddai, sannan kore shar har iyakar gani. Sansanin ya rayu ne da abin da ke fitowa daga wannan ɓangare. Jirgi ba ya zuwa banza, sai in akwai hanyar ƙasa da ke kawo masa kaya. Idan kuwa aka bi waɗannan hanyoyi zango-zango, ta Kumasi da Gwanja, wasunsu a ƙofofin Kano da Katsina suke ƙarewa.

Da fari zinariya ce. Tun kafin zuwan Turawa, zinariyar dazukan Akan arewa take nufa, a hannun fataken Wangarawa, zuwa Jenne da Tambutu, ta ƙetare Sahara. Wangarawan nan su ne dangin waɗanda Tarihin Kano ya ce sun kawo Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji. Fotugal ta gina Elmina ne domin ta karkatar da wannan zinariya daga raƙumi zuwa jirgi, sunan garin ma daga kalmarsu ta mahaƙar ma'adini ya samo asali. Wani abin mamaki shi ne a wancan zamani na farko shigo da bayi ake yi Elmina. Turawan Fotugal kan sayo mutane daga yankin Binin da kogunan kudancin Najeriyar yau, su sayar wa attajiran Akan a ba su zinariya. Sai daga baya, da gonakin rake suka bunƙasa a ƙetaren teku, cinikin ya juya, mutum ya fi zinariya kasuwa.

A ƙarni na 18 Asante ta yi ƙarfi, ta rinjayi Gwanja da Dagomba, tana karɓar haraji a wurinsu, ciki har da bayi. A ƙasar Gwanja ne kasuwar Salaga ta bunƙasa, inda ayarin Hausawa ke sauka bayan tafiyar watanni. Mun san wannan fatauci da sunan fataucin goro, muna kuma alfahari da shi, da madugai da jakuna da juriyar tafiya. Amma abin da ayari ke kaiwa Salaga bai tsaya a kanwa da fatu da tufafin rini da dabbobi ba. Har da mutane. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma daga cikin mutanen arewa da suka shiga hannun Asante akwai waɗanda aka gangaro da su gaɓar teku. Gaskiya ne mafi yawan Hausawan da aka ƙetarar da su teku ta tashoshin gabas aka fitar da su, irin su Ikko da Wida, zuwa Bahiya ta Barazil, inda suka tayar da bore a 1807 da shekarun da suka biyo baya. Sai dai kasuwar ɗaya ce, rassanta ne suka bambanta, kuma a cikinta mutanenmu sun zama abin sayarwa, sun kuma zama masu sayarwa.

Kusa da Tudun Jago akwai wani tudun da ake kira Tudun Java, sunan tsibirin nan na Indunusiya. Bayan Holan ta haramta cinikin bayi a 1814, sai ta shiga neman sojojin da za su yi mata yaƙi a can. Daga 1831 zuwa 1872 an ɗebi 'yan Afirka kimanin 3,000 ta Elmina. A 1837 wakilin Holan ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua a kan samar da mutane, kuma da yawa daga waɗanda aka samar bayi ne 'yan ƙasashen arewa, aka fanshe su da kuɗin da za a riƙa cirewa daga albashinsu. Waɗanda suka rayu suka dawo, wasunsu a kan wancan tudu suka zauna. Mutumin da aka kama a ƙauyensu na savana, aka sayar a Kumasi, ya yi yaƙi a kudu maso gabashin Asiya, ya tsufa yana kallon teku a Elmina: rayuwa ɗaya ce ta ɗauki duk wannan.

Sai kuma zuwan da aka yi da sunanmu ƙarara. A 1863 wani hafsan Ingila, Jon Glover, ya kafa wata 'yar runduna a Ikko, mafi yawanta bayi ne masu jin Hausa da suka gudu daga iyayengijinsu. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da rikicin Asante ya taso, an kawo su wannan gaɓa, sun kuma yi yaƙin 1873 zuwa 1874 wanda ya ƙare da ƙone Kumasi. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta Gwal Kos, wadda jama'a suka daɗe suna kira ta Hausawa ko da kuwa ƙabilu da yawa ne a cikinta. Daga irin waɗannan rundunoni sojojin Najeriya da na Gana suka samo tushe. Bawan da ya tsere ya sami bindiga da albashi, aka kuma yi amfani da shi wajen murƙushe wasu. Barikinsu, tare da fataken da suka watsu bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, su ne suka raya yawancin unguwannin da ake kira zango a kudancin Gana.

Rana ta yi ja lokacin da na gangaro. Saukar ta fi hawan wuya, domin gangaren na tura mutum, gwiwa ce ke riƙe shi. Na nemi masallaci aka nuna mani hanyar zango. Bayan sallar magariba wani dattijo mai farin gemu da ke kusa da ni ya dubi hulata ya ce, "Malam, daga gida?" Na ce, "Daga gida, Baba." Ya riƙe hannuna ya jero gaisuwa, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen Kano, da Hausarsu ta Gana wadda ba ta rarrabe namiji da mace, kowa "ya zo" ne. Ya ce kakansa ne ya zo, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba. Na tambaye shi ko kakan nasa fatauci ya kawo shi ko aikin soja. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ɗana, tsofaffi ba su cika son wannan magana ba. Ya zo dai, Allah Ya jiƙansa." Na ce amin. A bakin titi na sayi koko da ƙosai, waɗanda duk Gana ke kira da sunayensu na Hausa.

Wannan shiru na dattijon ba nasa ba ne shi kaɗai. A azuzuwanmu ana koyar da cinikin bayi na Atilantika kamar wani abu da ya faru tsakanin Turawa da mutanen kudu, mu muna can nesa da teku muna karatu da noma. Ana koyar da fataucin Gwanja a wani babi daban, tarihin soja a wani daban, zaman Hausawa a Gana kuma a bar wa masu nazarin harshe. Ɗalibi zai gama digiri bai san cewa hanya ɗaya ce ta ratsa su duka ba. Ba ina kira a ɗora wa kakanni laifi ba ne, ko a sauke wa Turawa nasu, wanda ya fi na kowa nauyi. Al'ummar da ta san alherin da ta yi da wanda aka yi mata kawai, ba ta san rabon da ta ɗauka a cikin ɓarna ba, ƙaramin sani gare ta, shi kuwa ƙuƙumi ne. Har yau a garuruwanmu ana hana aure, ana goranta wa mutum asali, saboda abin da ya faru a irin waɗancan kasuwanni. Abin da ba a tattauna shi a fili ba, a ɓoye yake ci gaba da aiki.

Gana ta adana waɗannan gine-gine, hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya tun 1979, ana kuma kai 'yan makaranta su gani da idonsu. Namu ɓangaren na labarin yana warwatse a tsofaffin takardun ajami da na Larabci, da sunayen unguwanni da zuri'o'i, da bakin dattawa a zangunan Kumasi da Salaga da Akra, waɗanda kullum raguwa suke yi. Ɗalibanmu na tarihi da na Hausa da ke neman abin da za su yi bincike a kai, ga fage nan a buɗe, kuma harshen da za su yi tambaya da shi nasu ne. Wanda Allah Ya ba ikon zuwa Elmina, ya shiga babban sansanin ya ga abin da ɗan Adam ya yi wa ɗan'uwansa. In ya fito, kada ya yi saurin komawa mota. Ya ƙetare gada ya hau Tudun Jago, ya dubi teku, sannan ya juya ya dubi hanyar gida.